Rundunar Fara a Teburin Baba Denis

Awa huɗu na yi a tsaye a filin jirgin saman London ina kiran lamba ɗaya, wata Baturiya a cikin waya tana ta maimaita mini cewa a kashe take. Lambar mutumin da ejan ɗin da ya shirya mini tafiyar a Dutse ya ce zai zo ya ɗauke ni ce. Har kwatanta mini shi ya yi: dogo, mai gilashi, zai riƙo kwali da sunana a jiki. Na karanta duk kwalin da na gani a hannun mutane. Babu mai ɗauke da Tasi'u.

Ni mutumin Taura ne. Mahaifina malamin allo ne, yana kuma noma. Ni kuwa shekara tara na yi a wani ƙaramin asibiti a Dutse ina wanke ciwo, ina auna jini, ina juya marasa lafiya a kan gado. Da aka ce Ingila na neman masu kula da tsofaffi, sai na ga ai aikina ne, gari kawai zan canza. Na bar matata Hajara da 'yarmu Nana a gidan Malam, na taho da biza mai ɗauke da sunan kamfanin da aka ce shi ya tsaya mini.

Kamfanin dai akwai shi. Washegari na lalubo adireshin, na tarar ɗaki guda ne a saman wani shagon aski, tebur ɗaya, kujera biyu. Wani mutum ya karɓi takarduna yana taunar cingam, ya ce babu aiki yanzu, in bar lambata.

Na ce, "Amma ku kuka kira ni tun daga ƙasata."

Ya ɗage kafaɗa ya ce, "Mutane da yawa muka kira."

Na sauko bakin titi da akwatina, na kira ejan. Da ya ji muryata sai ya fara cewa layi ba kyau. Ban san na ɗaga murya ba, sai da na ji wata mata a bayana ta ce da Hausa, "Ɗan'uwa, wa kake wa faɗa haka da safiyar Allah?"

Na juya. Dattijuwa ce, da lulluɓi a kan ƙatuwar rigar sanyi, tana jan keken cefane. Hajiya Fati sunanta, 'yar Zangon Kumasi ce a Ghana. Hausarta ta ɗan karkace ba irin tamu ba, amma a ranar ban taɓa jin abin da ya kai ta daɗi ba. Ba ta yi mini doguwar tambaya ba. Ta leƙa tagar saman shagon askin, ta yi tsaki, ta ce, "Kai ne na huɗu da na gani ya sauko daga can da akwati. Biyo ni."

Ta zuba mini shinkafa da wake da wani baƙin yaji mai kifi. Ta sa ƙaninta ya samar mini katifa a wani ɗaki bayan masallacinsu. Sati bakwai na yi a nan. Da asuba nakan farka kunnena na jiran hayaniyar karatun ɗaliban Malam, sai in ji motar kwashe shara. In Hajara ta kira, sai in tsaya a jikin wani gini mai kyau kafin in buɗe hoto, in ce mata komai lafiya, ana shirya mana takardu ne. Ta san ƙarya nake. Sai ta ce, "To Abban Nana, Allah ya sa a gama da wuri," ta juya wayar in ga Nana tana bin awaki.

Hajiya Fati ce ta ce mini, "Kada ka zauna jiran mutanen nan. Ranar da aka rufe su, bizarka ta tashi aiki. Nemi wani kamfanin ya ɗauke ka. Kuma kada ka zaɓi gari, duk inda aka ce ka zo, tafi."

Haka na tsinci kaina a jirgin ƙasa, awa biyar muna yin arewa, har muka tsaya a wani gari a bakin teku inda iska ke shiga ta wuyan riga ta fita ta ƙafar wando. Shugabar ofishin sabon kamfanin da ya kira ni ta yi mini magana a fili: gwajin wata uku za su yi mini. In tsofaffin da nake zuwa gidajensu sun gamsu, za su sa hannu a takarduna. In ba haka ba, sai haƙuri.

Gida na farko, tsohuwar ta leƙo ta taga ta gan ni, ta ƙi buɗe ƙofa. Na biyu suka ce mace suke so. Saura na uku, wanda aka ce ya riga ya kori ma'aikata huɗu.

Denis sunansa, shekararsa saba'in da huɗu, tsohon mai walda ne a inda ake ƙera jiragen ruwa. Ciwon rawar jiki ya kama shi. Hannuwansa manya, amma in ya ɗauki kofin shayi, rabi a ƙirjinsa yake ƙarewa. Matarsa ta rasu, 'yarsa ɗaya, Helen, tana koyarwa a wani gari mai ɗan nisa.

Ranar farko ya ce, "Ka kira ni Denis."

Na ce, "Bakina ba zai iya ba. A garinmu ba a kiran babba da gatsal. Sai dai Baba Denis."

"Mene ne Baba?"

Na faɗa masa. Ya harare ni ya ce, "Ni ba ubanka ba ne." Amma bai kore ni ba.

Matsalarsa abinci. In na ajiye, sai ya kawar da kai. Ba ya so a ba shi a baki, shi kuma cokali ba ya isa inda aka aike shi. Sati biyu ina kwashe faranti kamar yadda na kawo shi, ina ganin wandonsa na ƙara yi masa yawa, ina kuma ganin takarduna na shirin suɓuce mini.

Wata ranar Talata ya aike ni ɗakin baya in ɗauko masa gilashin karatu. Ban taɓa buɗe ƙofar nan ba. Da na kunna fitila, sai na ja da baya na ce, "A'uzu billahi!"

Tebur ne a tsakiyar ɗakin, ya fi gadon asibiti faɗi. A kansa akwai ƙasa guda: tuddai, rafi mai sheƙi kamar ruwan gaske, kurmin itatuwa, kangon gari da rusasshiyar ganuwa. A jikin bango kuma kabad-kabad ne na gilashi, cike da fara. Fara dai da na sani, mai dogayen ƙafafun baya, sai dai waɗannan a tsaye suke kamar mutane, kowace ba ta wuce babban yatsana ba, wasu da mashi, wasu da garkuwa. Na matsa na sunkuya. An zana jijiyoyin fiffikensu ɗaya bayan ɗaya, siriri kamar gashi. Idon kowace da ɗigon haske a ciki. Sahu-sahu, ɗaruruwa, kuma babu biyu da fentinsu ya zama ɗaya. A can sama akwai wata ƙatuwa, kamar dunƙulen hannu, ta buɗe fiffike. Na girma ina ganin Malam na yi wa allo zayyana, na san abin da ake kira haƙurin hannu. Amma ban taɓa ganin irin wannan ba.

Na manta da gilashin. Sai na ji ƙarar sandarsa a bayana.

"Kada ka taɓa."

"Baba, su wane ne waɗannan?"

"Runduna ce. Ni na yi musu fenti, lokacin ina da hannu."

Ya yi mini bayani a gajarce. Wasa ne na manya. Mutum biyu, kowa da rundunarsa, a jera su a tebur. Ana auna tafiyar kowane rukuni da tef irin na tela, ana jefa ƙwayoyi irin na lido don a ga wanda harbinsa ya samu. Zagaye biyar ake yi, wanda ya fi riƙe muhimman wurare a filin shi ya ci. Kowace runduna da littafin dokokinta, waɗanda suka ƙirƙiro wasan ne ke bugawa. Ya ce nasa littafin ya tsufa. An yi ta sabunta na sauran runduna ana barin fara a baya, har ta zama abin dariya: ga yawa, ga nawa, kafin su kai tsakiyar tebur an kakkaɓe su. Shekara goma sha ɗaya yana jira.

"An ce sabon littafin na fitowa wannan watan," in ji shi. Ya kalli hannunsa, ya juya ya fita.

Ranar Juma'a littafin ya iso. Ya yi ta fama da kwalin har na karɓa na yanka. Da ya riƙe shi, shafukan suka dinga kaɗawa, ba ya iya bin layi. Ya miƙo mini ba tare da ya kalle ni ba.

Na zauna na fara karantawa da Turancina na Jigawa, yana gyara mini sunaye. Ban fahimci rabin abin da nake faɗa ba, amma ina ganin fuskarsa. Na karanta wurin da aka ce daga yanzu rukunin fara da ke baya zai iya tashi sama ya tsallake 'yan'uwansa ya sauka a gabansu.

"Tsaya. Sake karanta wannan."

Na sake. Na wuce zuwa inda aka ce muddin uwar fara, wato ƙatuwar nan, na raye, waɗanda aka kashe za su iya dawowa ta gefen tebur. Ya bugi hannun kujera. Da na zo inda aka ce duk kurmin da fara suka sauka a kai sun cinye shi, a ɗauke itatuwan daga tebur, maƙiyi ba shi da maɓoya, sai tsohon nan ya fashe da dariya har da tari. Ranar na fara ganin haƙoransa.

Can dariyar ta mutu. Ya ce, "Sun makara. Guda ɗari da ashirin ake motsawa kowane zagaye. Ni ko maɓallin riga ba na iya sawa."

Farantin dankalinsa na gefe, ya huce. Ban shirya maganar ba, fitowa kawai ta yi. Na ce, "Baba, ka cinye wannan, ni in zama hannunka. Kai ka faɗa, ni in motsa."

Ya kalle ni ya ce, "Miƙo cokalin."

Da na fita, raina bai kwanta ba. Siffofi ne masu kama da halitta, ga kuma ƙwayar jefawa. Da la'asar na kira Malam. Bayan mun gaisa na zayyana masa komai.

Ya ce, "Bauta musu yake yi?"

"A'a, Allah gafarta Malam. Wasa ne, kamar dara."

"Ana zuba wani abu, wanda ya ci ya kwashe?"

"Ba a zuba komai."

"Ƙwayar fa, wa zai jefa?"

"Ya ce shi. Wai abu ɗaya ke nan da rawar hannun ke yi masa amfani."

"To ka bar masa ita. In lokacin salla ya yi kuma, ko ana tsakiyar yaƙin ne, ka ajiye. Mutumin da ba ya cin abinci ya ci, wannan ba ƙaramin abu ba ne." Sai na ji yana ƙoƙarin danne dariya. "Fara ka ce? Tasi'u, teku ka ƙetare ka je kiwon fara?"

Baba Denis ya kira wani abokin wasansa mai suna Gari, direban motar kashe gobara, ƙato mai jan gemu. Ya zo ranar Alhamis da akwatin rundunarsa, mutanen ƙarfe masu igwa. Ya rungumi tsohon ya ce shekara biyu ke nan bai ga hasken ɗakin nan ba.

Na jera fara yadda aka ce mini, sahu uku. Ina ɗaukar su a hankali, don tsoron kada in karya fiffike. Gari ya buɗe wuta a zagayen farko, ya share sahun gaba kusan duka. Na dinga kwashe waɗanda aka kashe ina zubawa a wani faranti. Na kalli Baba Denis, sai na ga yana murmushi.

"Yanzu na baya. Auna inci goma sha biyu a tef. Tsallaka da su."

Na ɗaga su ɗaya-ɗaya na haye da su kan ragowar 'yan'uwansu, na sauke su a kurmin da igwogin Gari ke ɓoye. Baba Denis ya nuna itatuwan da sandarsa ya ce, "Gari, kwashe min waɗannan. Mun cinye." Gari ya sa hannunsa da kansa ya ɗauke kurmin guda, igwoginsa suka bayyana tsirara a fili. Sannan tsohon ya watsa ƙwayoyi, ya dubi farantin da na tara gawarwaki ya ce, "Ɗebo goma sha huɗu. Shigo da su ta gefen can, bayansa."

Ban san lokacin da na ce "Allahu Akbar!" ba. Abin da na ɗauka asara ce, ashe ajiya ce. Tebur da na ga ya daskare ya fara motsi kamar ruwa: a doke su nan, su ɓullo can, a tare gaba, su sauko ta sama. Kowane zagaye da shawarar da za a yanke, wa za a bari a kashe, wa zai tashi, wane kurmi za a ci, wane za a bari don mu ma mu fake. Gari na dafe kai yana dariya yana cewa wannan littafin zalunci ne. Mun ci wasan farko, ya ci na biyu, kuma wallahi na biyun ya fi daɗi, don har jefawar ƙarshe ba wanda ya san inda za ta faɗi. Na duba agogo na ga azahar na neman wucewa. Na ajiye tef na ce su jira ni. Suka jira.

Daga nan duk Alhamis sai an buga. Ya fara cin abinci don ya sami ƙarfin zama. Ya yarda da motsa jikin da likita ya ce, don ya iya miƙa hannu tsakiyar tebur. Ni kuma a bas, a hanyar ɗakina, sai in kama kaina ina jera fara a ka. Ranar da na gaya masa a garinmu soya su muke yi mu barbaɗa yaji, ya ce in na kuskura na kalli rundunarsa da yunwa zai kira 'yan sanda.

Saura sati biyu gwajina ya ƙare, Helen ta zo ba sanarwa. Ta tarar da kwanuka a wurin wanke-wanke, ni kuma na yi ruku'u a kan tebur da tef a hannu. Da ma ta daɗe tana so a mai da shi gidan kula da tsofaffi, don tsoron kada ya faɗi ba kowa. Washegari shugabar ofis ta kira ni ta ce an kawo ƙorafi: an ɗauke ni aiki ina wasan yara. Ta ce in ba a janye ba, ba za ta iya sa hannu ba.

Na fito ofishin na tsaya ina kallon teku. Na tuna ɗakin bayan masallaci, na tuna ranar da zan sauka a Taura da akwati ɗaya in kalli idon Hajara.

Da Baba Denis ya ji, ya sa na kira masa 'yarsa. Ya ce, "Ranar Asabar akwai gasa a zauren wasanni na gari. Keken guragun da ake tura ni in za a fita ba ya shiga motar Gari. Ki zo ki kai mu. Ki zauna ki gani, bayan nan ki faɗa wa ofis abin da kika ga dama."

Ta zo, fuska a ɗaure. Da na tura kekensa muka shiga zauren, sai na tsaya cak. Tebura ne jere har ƙarshen gani, kowane da tasa duniyar: wani hamada, wani ƙanƙara, wani birni mai hawa-hawa. Ga masu furfura, ga mata, ga wani da kayan aikin asibiti bai ko cire ba, kowa ya sunkuya da tef yana magana ƙasa-ƙasa, ba ka jin komai sai ƙarar ƙwayoyi kamar yayyafi a kan kwano. Ban taɓa zaton akwai wurin da manya za su taru su ba abu ƙarami irin wannan girma haka ba.

Da na fara fito da fara, mutane suka baro teburansu. Ashe nasa na tsohon ƙira ne, na dalma, an daina yin irinsu. Suka kewaye mu suna ɗaukar hoto, wani dattijo ya cire gilashi ya kusanto da ido ya ce, "Denis, har yanzu ba wanda ya kamo ka a fiffike." Na saci kallon Helen. Tana kallon ubanta, shi kuma ya miƙe wuya a keke kamar ba shi ba.

Mun ci wasa ɗaya, an ci mu ɗaya. Tsakaninsu Gari ya samo mini ɗakin canza kaya na yi salla, ya tsaya a ƙofa. Na uku muka haɗu da wata likitar haƙori mai suna Jo, mace mai sanyin magana. Rundunarta ƙattai shida ne kacal, kowane ya kai tsawon kwalbar lemo. Duk taku ɗaya sai sun murƙushe mana goma. Muka kai zagaye na biyar tana gabanmu da maki biyu, ƙattai huɗun da suka rage mata sun kewaye uwar fara a tudun tsakiya.

Baba Denis ya ce, "Tara kowa a tudun. A kare uwar."

Na kai hannu, sai na tsaya. Ina da shekara goma fara ta taɓa sauko mana a Taura, gero ya fara ido. Da la'asar rana ta dushe kamar an ja mata mayafi. Duk gari aka fita gabas inda suka ɓullo, ana kaɗa kwanuka, ana hura hayaƙi, Malam na tsaye yana addu'a. Muna can muna fama da na gaba, na baya suka haye ta kanmu suka sauka a gonakin yamma inda ba kowa. Kafin mu juyo, sai kara. Na tuna kukan mata, na kuma tuna yadda na tsaya baki buɗe, tsoro da mamaki sun hana ni gudu. Yanzu ga shi a gabana: duk ƙattan Jo sun taru a tsakiya, wurare biyu na gefenta ba mai gadi.

Na ce, "Baba, a'a."

Ya ɗago. Tun da muka fara ban taɓa musa masa ba.

"Ka bar musu uwar. Zagayen ƙarshe ne, ba ma bukatar kowa ya dawo. Fara ba ta tsayawa inda ake kaɗa mata kwano. Mu haye ta kansu mu sauka can da can."

"Shekara talatin ban taɓa ba da ita ba."

"Na sani, Baba."

Ya kalli teburin, leɓensa na motsi yana auna nisa da ido. Can ya ce, "Na hagun ba zai kai ba sai ƙwaya ta ba da huɗu ko fiye." Ya ja numfashi. "Yi."

Na tsallaka da rukunin dama, suka sauka daidai. Saura na hagu. Na sa masa ƙwaya a tafin hannu. Rawar ta tsananta saboda gajiya, ƙwayar ta suɓuce ta gangara ƙarƙashin tebur. Kafin in sunkuya, Helen ta riga ni. Ta ɗauko, ta mayar masa, ta tallabe hannunsa da nata biyu har ya kai saman tebur, sannan ta saki.

Biyar.

Ban san yadda aka yi ba, sai ganinsa na yi a tsaye. Ya dafa bakin tebur ya miƙe da kansa, yana nuna mini da haɓa: "Kai su! Kai su!" Na kai su. Jo ta karya uwar fara kamar yadda muka sani za ta yi, aka ƙirga maki, muka wuce ta da ɗaya. Ta tafa mana, zauren gefenmu ya ɗauka. Ba mu ci gasar ba, ko kusa. Amma Helen ta juya baya tana goge ido da hannun riga.

Muka shiga mota, Helen na tuƙi, har muka kusa gida. Ta kalle ni ta madubi ta ce, "Tasi'u, yaushe rabon da ya miƙe ba sanda, ba a kuma riƙe shi ba?"

Na ce, "Ni dai tun da na zo ban gani ba, sai yau."

Ranar Litinin ta kira ofis. Aka sa mini hannu. A ranar na kira Hajara daga cikin ɗakina, ban nemi wani gini na tsaya a jikinsa ba.

Ciwon dai bai tsaya ba. Da sanyi ya wuce ya faɗi a banɗaki, kuma wannan karon shi da kansa ya yarda a kai shi gidan tsofaffin. Ba ni ke kula da shi ba yanzu, amma ranar hutuna nakan hau bas da akwatin fara in je. Muryarsa ta shige ciki, sai na kai kunne kusa nake ji.

Watan jiya Gari ya turo mini saƙo: waɗanda suka ƙirƙiro wasan sun fitar da gyara. Wai fara ta yi ƙarfi da yawa, ana ta kuka da ita ko'ina. An rage nisan tsallen, an rage yawan masu dawowa. Duk hanya ina tunanin yadda zan gaya masa. Na same shi a ɗakin cin abinci kusa da taga, na zauna na karanta masa a hankali.

Ya sunkuyar da kai. Kafaɗunsa suka fara girgiza, na zaci ciwon ne ya motsa, har na miƙe zan kira ma'aikaciya. Ashe dariya yake. Ya yafito ni, na kai kunne.

"Sun ji labarinmu," in ji shi. "Buɗe akwatin, mu ga abin da suka bar mana."

Na ture kwalbar gishiri da ta barkono gefe, na fara jera sahun farko. Wasu tsofaffi biyu suka jawo kujerunsu.